Gorar Cindo da Magajiyar Gauraki

A bayan kacalar Tungar Bado akwai birni. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari, birnin dai yana nan. Kacala ita ce doguwar ciyawar nan mai cinye fadama, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ta tsaya daga gabas kamar ganuwa, kuma a gindinta ruwan mutane ya ƙare. Abin da ke bayanta ruwan wasu ne.

Tun zamanin kakanni akwai alkawari tsakanin masu jirgi da masu wancan ruwa. Kwale-kwale da duk abin da ke cikinsa na mai jirgi ne, ba aljanin da ya isa ya kai musu hannu. Amma abin da ya taka ruwan bayan kacala, ko taɓonsa, ya zama nasu, babu jayayya. Su kuma masu jirgi suna da tasu ƙa'idar a tsakaninsu: wanda ka ɗauka amana ne a wuyanka, sai ka sauke shi a inda ka ɗauke shi, ko masoyinka ne ko maƙiyinka.

A Tungar akwai wani mai jirgi, Cindo, mai yatsu shida a hannun dama. Ya haura hamsin, gajere ne kakkaura, ba shi da fara'a, ba shi da lallashi. Da kifi ya ja baya sai ya rataye koma, ya koma ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido a kwale-kwalensa na icen maɗaci, yana kai su kallon dorina da kada da tsuntsayen da ke zuwa daga ƙasashen sanyi. Yakan tsaya a ƙarshen jirgi da gorarsa, yana tokara ƙasan ruwa yana turawa. Baƙo in ya yi surutu ya ce masa ya yi shiru, in ya miƙe tsaye ya ce masa ya zauna, in ya ji haushi ya ce masa ga ruwa nan ga hanya.

Wata safiya wani dattijo ya sauka daga mota da jaka da madubin hangen nesa rataye a wuya. Malam Sammani ke nan, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda tun da matarsa Tabawa ta rasu ba shi da aiki sai bin tsuntsaye daga fadama zuwa fadama. Ya dubi kwale-kwalen sama da ƙasa, ya ce shi fa jirgin ƙasa ya tuƙa, ya tambaya ko wannan akushin ne ake kira jirgi. Cindo ya ce masa ai nasa jirgin ba ya jiran a shimfiɗa masa ƙarfe kafin ya motsa, in zai shiga ya shiga, in kuma tsoro yake ji ga mai shayi can. Dattijo ya yi dariya ya shiga, ya zauna a tsakiya kan buhun ciyawa.

Suka ratsa bado da kainuwa, ruwa kwance lumui. Kirinjijiya, agwagin ruwan nan, suka tashi kamar hayaƙi. Suka wuce dinya, suka wuce zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, suka ga tsari yana shan hantsi a kan kututture. Malam Sammani yana ta ɗaga madubi yana saukewa, amma ransa bai kwanta ba. Shi gauraka ya zo gani, mai tukkun zinariya. Ya ce shekarun baya ya taɓa zuwa wannan fadama, ya ji wani namijin gauraka yana kuka da wata murya da bai taɓa jin irinta ba, ya ɗauke ta a waya, kuma har yau tana nan. Masu bin tsuntsaye suna da wata dabara, sukan kunna kukan tsuntsu don 'yan uwansa su fito a gan su. Cindo ya sha ganin baƙi suna yi, bai ga laifi ba. Da suka kai gindin kacala ma shi ne ya ce wa dattijo ya ƙara sautin, wannan ƙus-ƙus ɗin ko kwaɗo ba zai ji ba.

Malam Sammani ya ƙure sauti. Kukan ya fita, ya daki kacala, ya dawo.

Fadama ta yi tsit. Kwaɗi suka daina, iska ta tsaya. Sai kacala ta tsage gida biyu kamar an buɗe ƙofar gari, ruwa ya kwasa a guje ya nufi ciki, ya tafi da kwale-kwale. Cindo ya kafa gora da duk ƙarfinsa, gora ta rasa ƙasa. Kafin ya waiwaya kacala ta rufe a bayansu.

Ruwan ciki fari ne tas, ana hango ƙasansa, kifaye masu girman shanu suna kiwo a cikin gonaki. Rana tana nan inda suka baro ta a hantsi, ba ta ƙara gusawa ba. A tsakiyar mashigi wata tsohuwar dorina ta taso, fuskarta duk furfura, an ɗaura mata jan ƙyalle a kunne. Ta yi musu sallama da muryar mutum, ta ce ita ce mai tsaron ƙofa, Magajiyar gari tana kiran wanda ya zo da muryar mijinta. Cindo ya ce mata shi ba aike aka yi masa ba, ta matsa ya juya. Dorina ta ce ba ta taɓa jirginsa ba kuma ba za ta taɓa ba, amma ruwa nasu ne, inda suka ce ya gudana nan zai gudana. Haka kuwa aka yi.

Suka iso birnin. A kan ganyen bado aka gina shi, kowane ganye ya kai filin kasuwa, gidaje na farin kumfa, soraye na ƙwaryar ƙwai, gadoji na gashin tsuntsu. Mutanen garin dogaye ne sirara, daga wuya zuwa sama mutane, daga ƙugu zuwa ƙasa ƙafafun tsuntsu. Duk sun fito da kayan biki, ana kaɗa ganguna, ana guɗa, an shimfiɗa fararen furanni tun daga bakin ruwa har ƙofar fada. Da kwale-kwale ya tsaya suka leƙa ciki, suka ga gajeren mutum da gora da dattijo da waya. Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Magajiya ta fito. Mace ce doguwa, baƙa wuluk, kumatunta fari da ja, tukkun zinariya a kanta yana rawa. Ta yi ado irin na amarya. Ta daɗe tana duban cikin jirgin, ta duba ƙarƙashin buhu, ta duba bayan Cindo, sannan ta ce:

“Ya ku 'yan Adam, ina mai muryar? Na ji kiran Sarkin Gauraki, mijina, wanda masu tarko suka kama suka sayar a gidajen tudu, har muka ɗauka ya mutu. Na ce ya kuɓuta ya dawo. Na tashi gari, na kwance takaba, na sa lalle. Ina kuka ɓoye shi?”

Malam Sammani ya ɗaga waya, ya gaya mata gaskiya: murya ce kawai, an ɗauke ta tun shekarun baya, shi bai san ta wane ne ba, ya kunna ne don tsuntsaye su fito ya kalla.

“Don ka kalla,” in ji Magajiya. Ba ta ɗaga murya ba, amma ganyen da take tsaye a kai sai da ya girgiza. “To ka kalla. Ka kira matar mamaci da muryar mamaci, ka sa ta yi kwalliya a gaban talakawanta. Hukuncinka shi ne ka sauko, ka zauna a ƙofar ɗakina, kana tashin wannan murya safe da yamma har naman jikinka ya ƙare. Kai kuma mai gora, ba ni da rigima da kai. Sauke shi ka tafi. Zan cika maka komarka da giwan ruwa har ƙarshen ranka, kai da jikokinka.”

Cindo ya tofar da yawu, amma a cikin jirginsa ya tofar, ya san ƙa'ida. Ya ce:

“Ranki ya daɗe, an yi miki ba daidai ba, kuma da bakina a ciki, ni na ce ya ƙara sauti. Amma wannan tsohon a mashigin Tungar Bado na ɗauke shi, a can zan sauke shi. Ban san shi ba, ɗazu ma akushi ya kira jirgina. Ba ya sauka a nan. Kifinki kuma ki riƙe abinki.”

Fadawa suka yi caa, wani ya zaro mashi. Magajiya ta ɗaga hannu suka yi shiru. Ta ce alkawarin kakanni yana nan, ba mai taɓa jirgi, ya tafi in ya iya. Amma ya sani hanya tana da tsawo, mutum kuwa ba ya dawwama a cikin ice.

Cindo ya juya kan jirgi ya kafa gora.

Da farko suka faɗa wani tafki na minjirya, kifin nan mai jan mutum. Kowace ta kai tsawon tabarma, sun cika ruwan maƙil, duk sa'ad da gora ta nutsa sai wuta ta biyo ta ta daki kafaɗun Cindo har haƙoransa su haɗu. Ya cire rigarsa ya naɗe hannu, bai yi magani ba. Ya ci gaba da turawa yana zaginsu ɗaya-ɗaya, har da iyayensu. Malam Sammani ya ce a ba shi gora ya karɓe shi. Cindo ya ce masa wannan ba ta da birki ba ta da usur, ya zauna inda aka ajiye shi.

Daga nan ruwa ya miƙe tsaye. Hawa ne sosai kamar dutse, ruwa yana gudu sama maimakon ƙasa, ya kwashe su ya kai ƙoli ya sako su ta ɗaya gefen. Kwale-kwale ya daki wani abu ya tsage a ciki, ruwa ya fara tsattsafowa. Wata murya daga ƙasa ta ce ruwan da ya shiga jirgi ya zama na mai jirgi, amma in jirgi ya nutse duk ya koma nasu. Cindo ya fizge hular dattijo ya cusa a tsagar, ya danna da diddige, ya miƙa masa ƙwarya ya ce ya kwashe. Malam Sammani ya ce hular nan Tabawa ce ta saya masa. Cindo ya ce to yau ta yi amfani.

Suka shiga wani daji wanda bishiyoyinsa ke tsaye a ruwa, saiwoyi a sama, rassa a ƙasa. Birai farare suna zaune a kan saiwoyin suna miƙo gasasshen kifi da fura mai sanyi, suna cewa baƙi su hau su huta, ga inuwa, ga shimfiɗa. Yunwa kuwa ta ci su, don rana ba ta motsi amma ciki yana lissafinsa. Dattijo ya haɗiye yawu. Cindo ya ciro guntun ƙuli-ƙuli daga aljihun wando, ya raba biyu, ya ba shi babban, ya ce kada ya kuskura ya ko kalli biran nan.

Bayan dajin sai ga gaɓa, gaɓa ta gaske da yashi da turmi da kaji suna tono. Wata mata tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tankaɗe. Ta ɗago kai ta ce, “Malam, ka dawo? Ruwan wankanka ya huce.”

Malam Sammani ya miƙe tsaye. Cindo ya daka masa tsawa ya zauna, bai ji ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a bakin jirgi yana kiran sunan Tabawa. Cindo ya saki gora a cikin jirgi, ya yi tsalle ya kama shi ta ƙugu ya maka shi a kan buhu, ya jawo igiyar ɗaure jirgi ya ɗaure shi tamau a jikin katakon zama. Dattijo yana kuka yana dukansa, yana ce masa azzalumi, mara imani. Cindo ya ɗauki gora ya ci gaba da turawa har suka yi nisa, gaɓar ta narke ta koma kumfa. Sannan ya ce masa, “Ka ji yadda Magajiya ta ji ke nan.”

Malam Sammani ya daina kuka. Da ya buɗe baki sai ya ce a kwance shi, ba don waccan matar ba, ya san ba Tabawa ba ce. Ya ce shi ya yi laifin, shi ya kamata ya biya. Ya tsufa, ba mai jiransa a gida sai kujeru, Cindo kuwa yana da iyali. In ya sauka da ƙafarsa, ba wanda zai ce mai jirgi ya ci amana.

“Ni zan ce,” in ji Cindo. “Malam, in kana son ka ba da kanka, bari in sauke ka a Tungar Bado, ka nemi wani jirgin ka dawo. A nawa dai ba ka sauka.”

Ya ƙara ƙulla igiyar.

Can suka hango kacala, ganuwarta kore shar, har ana jiyo ƙamshin hayaƙin bandar kifi daga Tungar. Cindo ya ƙara ƙaimi. Sai inuwa ta rufe su. Magajiya ce ta zo a siffar gauraka, fukafukanta sun tare rana, rundunarta a bayanta. Ta yi kuka sau ɗaya, ruwa ya ja da baya kamar an janye tabarma. Kwale-kwale ya zauna daɓas a kan taɓo. Daga nan zuwa kacala babu ko ɗigon ruwa, sai baƙar laka tana ƙyalli.

Ta sauka a kan wani kututture, ta ce, “Mai gora, ban taɓa jirginka ba. Ruwana ne na ɗauke abina. Zauna nan har ƙishirwa ta yanke muku hukunci, ko ka kwance shi ka miƙo mini, in mayar maka da ruwa yanzu.”

Cindo ya gwada gora, ta nutse a laka har rabi, jirgi ko gezau. Ya dubi kacala, ya dubi taɓo, ya dubi dattijon da ke ɗaure. Ya ajiye gora a cikin jirgi, ya naɗe wando har gwiwa. Malam Sammani ya gane abin da zai yi, ya ce masa don girman Allah kada ya taka, ya tuna alkawari. Cindo ya ce ya tuna sarai, ai ba a ce wanda ya taka ba zai iya tura jirgi ba.

Ya dira cikin taɓo.

Rundunar gauraki ta yi kuka gaba ɗaya. Magajiya ta ce, “Ka zama nawa, ɗan Adam. Daga tafin ƙafa zan fara karɓa.”

“Karɓi,” in ji Cindo. “Kafin ki kai ƙugu na kai kacala.”

Ya sa kafaɗa a gindin jirgi ya tura. Icen maɗaci ga nauyi, ga mutum a ciki, ga laka tana riƙewa. Jirgi ya gusa kaɗan. Ya sake turawa. Sanyi ya kama yatsun ƙafarsa, ya ji suna miƙewa suna rabuwa, ya duba ya ga sun zama uku, baƙaƙe, da farata. Bai sake dubawa ba. Ya tura, ya zame, ya faɗi da fuska, ya tashi ya tura. Sanyin ya hau idon sawu, ya kama ƙwauri, naman yana tsotsewa, ƙashi yana sirancewa kamar kara. Ƙafar tsuntsu ba a yi ta don tura maɗaci ba. Tun yana gusar da jirgi taku guda har ya koma tafin hannu guda, har ya zamana yana turawa jirgi ba ya motsi. Kacala tana nan gaba, jifa ɗaya, sanyi kuwa ya kai gwiwa. Duk da haka bai ɗauke kafaɗarsa ba.

Malam Sammani ya sunkuya da ƙyar, ya laluba aljihu da hannun da igiya ta bari, ya ciro waya. Ya ɗaga murya ya ce:

“Ranki ya daɗe, ba zan yaudare ki karo na biyu ba. Wannan ba mijinki ba ne, kuma ko na zauna a ƙofarki ba zan iya tashin muryar har abada ba. Abin yana cin wuta, wutar kuwa ta kusa ƙarewa, a garinku babu inda za a ƙara mata. Abin da ya saura kaɗan ne. Nawa ne in bayar, na ba ki. Ki ji shi.”

Ya kunna. Ruwan da ya shiga jirgi ya taɓa wayar, sautin ya dushe, kukan yana fita siriri kamar daga cikin rijiya. Magajiya ta miƙa wuya daga kan kututture, ba ta ji sosai. Ta taso ta yi shawagi a kansu, fukafukanta suka danne sautin. Ta sauko ƙasa-ƙasa, ta nufi goshin jirgi.

Cindo yana haki, laka har cikin baki, ya ɗago ya ce, “Magajiya, tsaya. Kin san doka. In kika sa ƙafa a jirgina kin zama tawa. Na gaya miki, kada ki ce an yi miki dabara.”

Ta dube shi da jan idonta. Ta ce, “Na sani, mai gora.” Ta sauka a goshin jirgin, ta naɗe fukafukai, ta kwantar da kanta a jikin wayar.

Ba wanda ya motsa har kukan ya kai ƙarshe. Sannan Magajiya ta ɗago ta ce wa Cindo ga ta a hannunsa, shi ma yana hannunta, sai ya faɗi abin da yake so. In ya ga dama ya kai ta tudu ya sayar, kamar yadda aka yi wa mijinta, doka ta ba shi.

Cindo ya ce shi mai jirgi ne, ba mai tarko ba. Ta mayar da ruwa, ta buɗe kacala, ta sake shi, ta yafe wa tsoho. Ta ce ruwa zai dawo, ƙofa za ta buɗe, tsoho ya biya da abin da ya bayar. Amma abin da taɓo ya riga ya ci ba ya amayarwa, iyaka ta tsayar da shi inda ya kai. Cindo ya dubi ƙafafunsa, ya ja tsaki, ya ce gora ai da hannu ake riƙe ta.

Ruwa ya dawo da gudu ya ɗaga jirgi. Cindo ya kama baki ya hau, ya tsaya a kan sababbin ƙafafunsa yana tangaɗi har ya sami daidai. Kacala ta tsage. Magajiya ta buɗe fukafukai za ta tashi, sai ya buga gora a jikin jirgi.

“Ina za ki? Zauna. Wanda ya hau jirgina ni ke sauke shi, a inda na ɗauke shi. Bari in kai tsoho, shi ya riga ki shiga.”

Wani bafade ya ce wannan ɗan Adam ya cika rashin kunya. Magajiya ta ce a ƙyale shi, ta gyara tsayuwa a goshin jirgi.

Haka mutanen Tungar Bado suka ga kwale-kwalen Cindo ya fito daga cikin kacala da la'asar, bayan an kwana biyu ana nemansu an fid da rai, ga dattijo ɗaure da igiya ba hula, ga gauraka mai tukkun zinariya tsaye a gaba, ga Cindo a baya ya saki wando har ƙasa. Ya kawo jirgi daidai turken da ya kwance shi, ya kwance Malam Sammani, ya riƙe hannunsa har ya taka yashi da ƙafa biyu. Dattijo ya ajiye wayar a gaban tsuntsuwar, ya juyo zai rungume Cindo. Cindo ya ce masa ya matsa, yana da sauran fasinja.

Matar Cindo ta ratso taro tana kiransa, ya ce mata ta ɗora tuwo, yanzu zai dawo. Ya juya jirgi.

A hanyar komawa ya kunna mata kukan, don ita ba ta da yatsan dannawa. In ya ƙare ya sake kunnawa, yana tura jirgi da hannu ɗaya. Suna shiga kacala wayar ta yi duhu, muryar ta yanke a tsakiyar kira. Magajiya ta daɗe tana kallon abin, sannan ta tura shi da baki ya faɗa ruwa, ya nutse.

Cindo ya tsayar da jirgi daidai inda ta hau, kusa da kututturen nan. Ta koma siffar mace, ta taka ruwa ta tsaya a kansa. Ta ce masa a birninta akwai gurbin sarkin jirgi, ga shi ƙafafunsa ma sun riga sun zama irin nasu, in ya zauna ba zai tsufa ba.

“An ɗora mini tuwo,” in ji Cindo, ya kafa gora.

Har yau yana nan a mashigin Tungar Bado da dogon wando, rani da damina, ba ya sa takalmi don babu mai shigarsa. Yana kai baƙi kallon dorina da dinya kamar da, amma kafin kowa ya shiga sai ya ce masa a jirginsa ba a kiran tsuntsu da muryar aro, wanda ya fito a gan shi, wanda bai fito ba yana da dalilinsa. Malam Sammani yakan zo duk shekara in ruwa ya cika, ya kira jirgin akushi, ya zauna a kan buhu. In sun kai gindin kacala wata gauraka takan fito ita kaɗai ta tsaya a sarari, ba tare da kowa ya kira ta ba, dattijo ya kalle ta har ya ƙoshi. Yara marasa kunya kuwa in suka tambayi Cindo me ya sami sawunsa a yashi, yakan ce su je bayan kacala su tambaya.

Labari ya kai gaɓa. A nan na ɗauke ku, a nan na sauke ku, kowa ya taka a hankali.